Harsashi Marar Tsaga a Birnin Fito

Da sunan Allah Mai rahama, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya saki iska a tsakaninsu, ba ta da launi ba ta da ƙashi, amma tana karkatar da abin da ɗan Adam ya miƙe. Bayan haka, ni ne Tunau ɗan Gagare, maƙerin Kwarin Maɗaci. Ku matso, ku da kuka daɗe kuna tambayata dalilin da ya sa na hana fito a gidana, har kuna cewa tsufa ne ya mai da ni mafaɗaci. Yau za ku ji.

Mu biyu mahaifinmu ya bari, ni da yayana Nomau, kowannenmu da tsagar gidanmu, zane uku-uku a kumatu masu ɗan karkata zuwa kunne. Ni na gaji maƙera da baki mai yawan fito, ba na iya buga ƙarfe sai ina yi. Shi kuwa ƙafa ya gada, bai iya zama ba, ya ɗauki jaka ya shiga duniya neman arziki. Aka daɗe babu labarinsa, sai rannan wani falke ya tsaya a bakin rumfata, ya ƙura wa kumatuna ido.

Ya ce, "Kai ne ƙanen Nomau? Na baro shi a Birnin Fito, can inda hanyoyi suke ƙarewa. Sun naɗa shi Baƙon Dutse."

Na ce, "Alhamdu lillahi, ashe Yaya ya samu sarauta!"

Ya ce, "Bari murna tukuna. Akwai wata mikiya a ƙasar, inuwarta tana rufe kasuwa, takan zo da faɗuwar ruwan fari. Sai su ɗora baƙo a kan wani dutse a tsakiyar kwazazzabo don ya janyo ta, 'yan bindiga su harbe ta. Ban taɓa jin baƙon da ya sauko da ƙafarsa ba."

Masabar da ke hannuna ta faɗi a kan yatsan ƙafata, ban ma ji zafin ba sai daga baya. Na ɗauko bindigar mahaifinmu, na narka dalma na zuba harsasai kewayayyu irin waɗanda muka sani, na kwashi awartaki da magagari na cusa a jaka. Rani ne a lokacin, sai na zama mai tsere da damina.

Na ratsa ƙasashen da na san sunansu, na shiga waɗanda ban sani ba, har na gangara wani fili da iskarsa take da kaurin kunu. Wallahi ana ganinta da ido. Idan ka ɗaga hannu sai ka ga sawun da ya bari a cikinta. Mutanen wurin kuma duk a kaikaice suke tafiya, kafaɗa gaba, da huluna masu tsini. Na tsaya ina yi musu dariya, ni da nake tura ƙirji ina haki kamar jakin da aka yi wa lodin gishiri.

Dariyar ba ta yi nisa ba. Wata ɓauna ta fito daga cikin ciyawa, ta sunkuyar da kai ta nufo ni. Na ɗura albarushi, na tura harsashi, na auna goshinta na ja kunama. A nan na ga abin da maharbi bai taɓa gani ba, na ga harsashina yana tafiya. Iska ta taru ta cure a gabansa, yana tura ta tana tura shi. A bayansa kuma ta buɗe wani rami tana murɗawa tana janyo shi. Ya yi dama, ya yi hagu, ya gaji, ya sauka a gaban ɓaunar kamar an ajiye mata goro. Na saki baki. Ashe duk kuskuren da na yi a dajinmu, da nake ɗora wa idona da rawar hannuna, ga mai laifin nan.

Sai na ji wani mutum daga kan suri yana kwarara ihu, "Juya kafaɗa, baƙo! Kada ka ba ta ƙirji!"

Na juya kafaɗa na zura a guje a kaikaice, abin kunya ga magidanci, amma sai na ji iskar tana tsagewa tana ba ni hanya. Ita kuwa ɓaunar, da faɗin goshinta da buɗaɗɗun ƙahoninta, iska ta riƙe ta tana ta tirje-tirje har ta haƙura. Mutumin nan sunansa Cindo. Ya sauko yana dariya har da hawaye, ya ɗauko harsashina daga ƙasa yana jujjuyawa.

Ya ce, "Wannan ɗan dunƙulen ka aika? Ai ba shi da gaba ba shi da baya. A nan duk abin da ya zo wa iska da faɗin fuska sai ta tare shi. Ka ba ta tsini ta buɗe maka, ka sirance bayanka ta rufe a hankali ba ta kama rigarka ba."

Ya ba ni dabino na ci, ina riƙe da ƙwallon a baki sai dabara ta faɗo mini. Na hura wuta, na narke harsasaina duka, na sake zuba su dogaye, baki mai tsini, gindi ɗan siriri. Na harba ɗaya. Ya tsaga iskar nan ya bar sawu siriri kamar zare, na fara tsalle. Kafin in dire sai na ga bakinsa ya fara lilo, ya wuntsila, ya ci gaba da tafiya a gicciye yana gurnani, ya faɗa inda ban aike shi ba. Cindo ya ɗage kafaɗa ya ce iyakar saninsa ke nan. Na yi masa godiya na wuce, raina a jagule.

Daga nan hanya ta hau da ni Dutsen Makyarkyata, inda ƙasa ba ta daina rawa. Ba a girke tukunya a wurin sai an rataye ta, ba a jingine sanda. Na sauka a gidan wata tsohuwa mai kaɗi, sunanta Hakama. Na ajiye gorana ya faɗi, na tayar ya sake faɗuwa, ni kaina sai da na zauna dirshan. Amma ga mazarinta tsaye cak a kan ɗan tsininsa, ƙasa na girgiza shi ko a jikinsa.

Na ce, "Inna, wane asiri kika yi masa?"

Ta ce, "Asirin me, ɗan nan? Juyawa yake yi. Tsayar da shi ka gani."

Na sa yatsa na taɓa shi, nan take ya kife. Ta murza shi da yatsunta masu alli, ya miƙe ya tsaya yana barci a tsaye. Na daɗe ina kallonsa. Na ce, "Inna, yaya zan yi in murza abin da ke cikin bindiga, inda yatsa ba ya shiga?"

Ta ce, "Ni dai in ina son zare ya murɗe, hanyar da zai bi nake murɗawa."

Akwai maƙera a unguwar, mai uwar maƙera a rataye da sarƙa. Na ƙera wa matan wurin sababbin tsinin mazari, su kuma suka ba ni wuta da gawayi. Na samo sandar ƙarfe na murɗe ta da zafi, na dasa mata haƙorin magagari, na dinga tura ta cikin bututun bindigar ina janyowa, tana fafe wani siririn kwari mai murɗewa daga gindi har baki. Aikin ya ci fatar tafin hannuna. Na so in yi kwarin da yawa, amma ina gama na uku na ɗaga kai na ga gabas ta fara haɗa gira. Na ce ya isa haka.

Sabon harsashin bai shiga da daɗi ba, sai da na doka shi da sanda ya zauna. Na auna wani ɗan itacen kuka da ke reto a can wani tudu, nisan da ko a mafarki ban taɓa harbi ba. Na ja kunama. Babu gurnani, babu lilo, sai ɗan kukan ya fashe garinsa ya tashi. Hakama ta rangaɗa guɗa. Harsashin ya wuce abinsa, ban same shi ba balle in duba jikinsa.

Tun kafin in hango ganuwar Birnin Fito na ji dalilin sunan. Ana harbi a fili, kowane harsashi da irin kukansa, wani kamar sarewa, wani kamar shaho. Sarkin Bindigar garin, wani ƙaton mutum mai fara'a da ake kira Barmo, ya tarbe ni hannu biyu da ya ji ni ƙanen Baƙon Dutse ne. Ya buɗe jakarsa ya nuna mini harsasansa da alfahari. Kewayayyu ne, amma kowanne an fafe masa tsaga mai zurfi a gefe guda, irin ta kumatun Barmo.

Ya ce, "A nan harsashi ɗan gida ne, tsagar ubansa yake ɗauka. In ya tashi yana yi wa gidansu kirari, in ya kashe a duba a san mai nama. Tsaya ka ga aiki."

Aka kafa ƙwarya a kan turmi. Barmo ya auna, ya harba. Harsashin ya tashi da wani fito mai daɗi, ya lanƙwasa hagu kamar an kira shi, ya sami wani bunsuru da ke cin ƙaiƙayi a gefe. Bunsurun ya faɗi ko shurawa bai yi ba. Na jira in ji salati, sai na ji tafi. Mutane suna cewa, "Kai, ya yi murya! Ranka ya daɗe, wannan ya yi murya!" Ba wanda ya kalli ƙwaryar.

Aka kai ni gaida Uwar Tsaga, wata makauniyar tsohuwa mai suna Yada, wadda take karanta tsagar harsashi da yatsa ta yanke hukuncin mai nama. Na durƙusa na ce, "Iya, harsashi nawa kika taɓa cirowa daga jikin mikiyar nan?"

Ta ce, "Daga mikiya? Ko gashinta ba a taɓa kawo mini ba. Daga jikin baƙi dai nake karantawa. Gidan da aka sami tsagarsa ya fi yawa shi ke samun darajar ɗinka likkafani."

Na ce, "Iya, ba ita take cinye su ba?"

Ta ce, "Wa ya gaya maka? Da ta ji fito take juyawa. Ba ta taɓa taɓa ko ɗaya ba."

Sai a lokacin na gane harsasan garin ne suke kashe baƙin. Na dafa ƙasa da hannu biyu, na tambaye ta ko akwai hanyar fansar baƙo. Ta ce akwai, wanda aka sami tsagar gidansa a jikin mikiya shi ke da baƙon, ya ga dama ya sake shi. Na miƙa mata harsashina, ta shafa shi sama da ƙasa ta yar kamar ta taɓa kazanta.

Ta ce, "Wannan ai shege ne, ba shi da uba. Ko ya kashe ta, ba wanda ya kashe ta. Baƙon zai koma kan dutse baɗi, don ta bar ƙwai a sheƙa."

Barmo, mutumin kirki a irin nasa tunanin, ya zaro wuƙa ya ce in kawo ya fafe mini tsagar gidanmu a kyauta. Na riƙe harsashin nan ina kallon wuƙar. In na bari aka tsaga shi, zai yi murya ya tafi inda ya ga dama, wataƙila cikin ƙirjin yayana. In na bar shi sumul, ko na kashe mikiyar ba ni da hujja. Na mayar da shi jaka na ce, "Ranka ya daɗe, bar shi da maraicinsa."

Na tarar da Nomau a wani soro mai shimfiɗu, ya yi ƙiba har wuyansa ya ninke. Muka rungume juna. Ya ce, "Tunau, ka ga yadda Allah ya yi da ni? Nama safe da yamma! Aikin kuma tsayuwa ce kawai ina kaɗa farin ƙyalle, duk 'yan bindigar gari suna gadina."

Na buɗe baki in gaya masa, na ga yadda yake murmushi, sai na fasa. Na ce, "Yaya, abu ɗaya nake roƙonka. Da ka ji ƙarar bindigar Baba, ka kwanta ruf da ciki."

Ya ce, "In kwanta a gaban jama'a? Kai har yanzu yaro ne."

Na ce, "Don darajar Baba, Yaya." Ya yi tsaki ya ce ya ji.

Ranar da hadari ya haɗu, da hantsi, aka tsallakar da shi ta kadarkon igiya zuwa kan dutsen, aka ɗaure ƙafarsa da sarƙa, aka janye kadarkon. Dutsen nan duk jikinsa ramuka ne kamar wanda ya yi agana. 'Yan bindiga suka jeru a bakin kwazazzabo, na tsaya a ƙarshen layi suna toshe hanci suna yi mini dariya saboda shegen harsashina. Al'adarsu ba a harbi sai mikiya ta zo daidai kan baƙo an buga ganga. Ke nan dole in gama da ita tun ba ta iso ba.

Sai ga ta ta ɓullo daga cikin hadarin. Na sha jin labarinta, amma gani ya kori ji. Na durƙusa na ɗora bindigar a kan dutse. Na dubi ƙyallen da ke hannun Nomau na ga iska tana kaɗa shi zuwa dama, sai na ɗan ba ta hagu. Na tuna ko mai tsini yakan gaji ya sunkuya in tafiya ta yi nisa, sai na ɗaga bakin bindigar sama da ƙirjinta. Mai ganga ya ɗaga makaɗi yana jira. Na yi bisimilla na ja kunama.

Shiru. Har na ce na kuskure. Sai mikiyar ta naɗe fiffike ɗaya, ta juya, ta sulmiyo ta daki gangaren kwazazzabo, ƙasa ta amsa. Mai ganga ya firgita, makaɗin ya kuɓuce masa ya faɗa kan fatar. Su kuwa 'yan bindiga da jin ganga ba su san komai ba sai harbi, suka saki wuta gaba ɗaya a kan wurin da babu kowa sai yayana. Shi kuma yana tsaye, baki buɗe, yana kallon inda tsuntsuwar ta faɗi.

Na kurma ihu, "Yaya, kwanta!" Fito ya cika kwazazzabon, dutse yana tartsatsi ta ko'ina. Na ga Nomau ya dafe kai ya kife. Ban san lokacin da na shaƙe wuyan mai gangar ba, sai da aka ɓanɓare ni. Da aka mayar da kadarko na riga kowa tsallakawa. Na same shi da rai, jini ya wanke masa wuya, rabin kunnensa na dama ya tafi. Yana riƙe da wani harsashi da ya baje a jikin dutse kusa da kansa, tsagar Barmo ɓaro-ɓaro a jiki. Ya dube shi, ya dubi ramukan da ke jikin dutsen, ya dube ni.

Mahauta suka shiga cikin mikiyar da gatura, suka dawo da harsashina a cikin ƙoƙo. Aka ajiye a gaban Yada, aka sauko da Nomau da sarƙarsa a ƙafa. Ni na riga na yanke ƙauna, ina ta lissafin yadda zan sare sarƙa mu gudu. Ta ɗauka da yatsu biyu tana yamutsa fuska, sai na ga yatsan ya tsaya. Ta sake shafawa a hankali.

Ta ce, "Wa ya ce mini shege ne? Akwai tsaga. Uku ne, sun karkata, sun zagaye shi daidai wa daida. Ban taɓa taɓa hannun wanzami mai kyau irin wannan ba. Ku kawo mini baƙin nan."

Na leƙa harsashin da ke hannunta. Kwarin nan uku da na fafe a Dutsen Makyarkyata sun zana kansu a jikin dalmar lokacin da take fita. Bindigar Baba ce ta yi masa tsaga da kanta. Yada ta ɗora yatsunta a kumatuna ta bi zanen har kunne, ta koma kan na Nomau ta bi, jininsa yana ɓata mata hannu.

Ta ce, "Ɗan gidansu ne. Ku kwance shi."

Barmo ya rungume ni yana kuka, ya ce in yafe masa kunnen, harsashin ne ya cika zumuɗi. Da muka zo fita gari na ga 'yan bindiga zaune a gindin ganuwa, kowa da wuƙa, suna fafe zane uku masu karkata a gefe guda na dunƙulallun harsasansu. Na tsaya in yi musu bayani, Nomau ya ja hannuna da ƙarfi ya ce, "Mu tafi." Wasu kuma na hango su sun tsallaka da tsintsiya suna share kan dutsen.

Ruwan fari ya sauko muna kan hanya. Ƙamshin ƙasa ya tashi, ga yayana a gefena da ransa, daɗi ya cika ni har ban san lokacin da na tsuke baki na fara fito ba, irin wanda nake yi a maƙera tun muna yara. Sai na ji tim a bayana. Na waiga na ga Nomau kwance ruf da ciki a cikin taɓo, ya rufe kai da hannu biyu, wannan ƙaton mutum yana kiran sunan mahaifiyarmu. Na durƙusa na ɗago shi ina cewa, "Ni ne, Yaya, ni ne kawai." Ya daɗe yana kallon bakina kafin ya yarda.

Ga shi can zaune a zaure, hularsa a karkace ta rufe kunnen dama. In kun shiga gaishe shi ku yi sallama da murya, ku bar leɓunanku yadda Allah ya yi su. Nan hikayar Tunau ɗan Gagare ta tsaya, Allah ya sa mu gama lafiya.